Motar da Baba Ya Ƙi Gyarawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu ranar Laraba a kan bencin garejinsa na Unguwar Shanu. Ya dawo daga sallar azahar, ya zauna, ya ce a miƙo masa ruwa. Kafin a miƙo ya tafi. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Gidanmu na Unguwar Kanawa bai taɓa ganin jama'a irin ta kwanakin makokin nan ba. Goggo, ƙanwar Baba, ta taso daga Zariya, tun daga zaure take kuka tana cewa shi kaɗai ya rage mata. Maƙwabciyarmu mai ƙosai ta shigo ta durƙusa gaban Umma, ta ajiye kwano ta fita. Baffa ne ya yi masa wanka. Baffa ba jininmu ba ne, abokin Baba ne tun suna yaran gareji, haka muka tashi muna kiransa. Da ya fito ya gaya wa maza cewa ya yi iya yinsa amma baƙin da ke ƙarƙashin farcen Baba ya ƙi fita, da shi aka sa shi a likkafani. Wani dattijo ya ce ai wannan shaida ce, halal ya ci. Aka ce haka ne.

Sai kuma masu motoci. Suka cika layinmu har mai ruwa ya rasa inda zai bi da kurarsa. Samari ne 'yan Malali da wajejen can, da baƙin tabarau da ƙamshin turare, wasunsu ko gaisuwar mutuwa ba su iya ba. Ina tsaye bayan ƙyaure na ji ɗaya yana ce wa ɗan'uwansa, "Kai, mun shiga uku fa. Yanzu wa zai riƙa duba mana mota?" Mutumin ko kwana bai yi a ƙasa ba. Na so in fita in ce masa ya je ya tambayi ubansa, Goggo ta riƙe min hijabi.

Amma maganar da ta fi ci min rai ta manya ce. Duk wanda ya zauna a tabarma sai ya yabi Baba, sannan ya rage murya ya ƙara da cewa, "Sai dai fa akwai taurin kai. Mutumin da ya raba motocin rabin garin nan da zafi, amma ta ɗansa ya bar ta tana tafasa." Wasu su ce kara ce irin ta mutanen da. Wasu su ce saɓani ne tsakanin uba da ɗa, Allah dai ya yafe masa.

Ni ce autarsa, kuma ban iya zagaye-zagaye ba. Babu abin yafewa a nan. Yaya, ɗan farin gidanmu, ɗan wasan mota ne, irin masu juya mota a tsakiyar titi ranar biki har taya ta yi hayaƙi. Baba ya bar motarsa da ciwonta da gangan, don motar da ta ɗauki zafi dole mai ita ya tsaya. Da wannan dabara ya riƙe ran ɗansa shekara da shekaru. Na zauna rubuta wannan ne don na ga tun ba a je ko'ina ba an fara tuna shi a karkace.

Baba bai taɓa cewa shi bakaniken komai da komai ba ne. In ka kawo masa matsalar giya ko birki, rumfar wani zai nuna maka. Shi zafi ya sani. Ya fara da like lagireto da dalma tun lokacin da motoci ke da sauƙin kai. Da masu turbo suka fara shigowa gari, waɗanda injinsu ɗan ƙarami amma gudu kamar an koro su, sai ya zama duk wadda allurar zafinta ta hau ja wurinsa ake kawo ta. Hannunsa na dama, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, fari ne tas, tabon tafasasshen ruwa. Yana yaro ya buɗe murfin lagireto mota na huci. Duk wanda ya zo koyon aiki, ranar farko Baba zai naɗe hannun riga ya nuna masa, ya mayar. Darasin ranar ke nan.

Yakan ce, "Zafi ba shi ne ciwon ba. Ƙara ce mota ta kawo, sai ka zauna ka saurare ta." Shi ya sa ba ya gaggawa, ni kuwa abin na ƙona min rai in na kai masa abinci. Mai mota na tsaye yana duba agogo, Baba na tsugune, ya taɓa tiyon sama, ya taɓa na ƙasa, ya kara kunne, ya zagaya baya ya shinshina salansa. Sai ya sa a kwance gaban mota gaba ɗaya don kawai ya leƙa tsakanin babban lagireto da ƙaramin da ke sanyaya iskar turbo. Nan yake zaro leda da ciyawa da gashin kaza, wata rana har da busasshen ƙadangare. Ya ɗaga wa mai motar ta jela ya ce, "Ga fasinjanka, tun yaushe kake yawo da shi kyauta." In ya zuba sabon ruwa sai a tura motar kan ɗan tudun da ke bakin garejin, hancinta sama, ya yi ta matsa tiyo har kumfar iska ta daina fitowa. Tuwo ya huce ya yi ɓawo, shi ko a jikinsa.

Abu biyu ke tayar masa da faɗa. Na farko ruwan rijiya ko na leda a lagireto, ya ce tsatsa kake shuka wa kanka. Na biyu ɗan ƙarfen nan da ake kira tamosta, mai buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗumama. Yawancin kanikawan garin nan in mota ta yi zafi da shi suke farawa: a cire a jefar, a haɗa fanka ta yi ta juyi ba tsayawa, wai abin na ƙasar ƙanƙara ne. A kan wannan Baba da Baffa sun yi shekaru suna musu a benci ɗaya, suna cin gyaɗa a leda ɗaya.

"Malam, mu nan rana ce ke dafa mu," in ji Baffa. "Me za mu yi da kayan masu sanyi?"

"Wanda ya ƙera motar bai san da rana ba, sai kai da ka gano ta a Unguwar Shanu?"

"To ni dai duk wanda na cire wa bai taɓa dawowa ba."

"Ina za su dawo? Wurina suke zuwa."

Daga baya Baffa ya daina cirewa, amma har Baba ya koma ga Allah Baffa bai yarda an kayar da shi ba.

Baba ba ya iya wuce mota a gefen titi da bonet a buɗe. Wata ƙaramar Sallah yana dawowa daga idi cikin sabuwar farar shadda, ya hango wata mata da goyo ta sunkuya kan inji, hannunta a kan murfin lagireto. Daga tsallaken titi ya daka mata tsawar da har 'yan acaɓa suka taka birki. Ya tsallaka, ya janye ta, ya zaunar da ita a inuwa, ya jira injin ya huce, ya gano tiyon da ya fashe, ya yanke, ya ɗaure. Sai bayan la'asar ya shigo gida, shaddar ta koma kamar tsumman goge inji. Umma ta dube shi tun daga hula har takalmi ta ce, "Yau ma?" Ya ce, "Fuskar jaririn na kan kafaɗarta, daidai saitin murfin." Umma ta je ta ɗora masa ruwan wanka.

Samarin nan masu turbo kuwa kullum cikin yi musu faɗa yake. In ɗaya ya shigo da gudu ya kashe mota nan take, sai Baba ya ce, "Tayar da ita. Turbo na can ciki ja zur kamar garwashi, ka tsayar masa da mai. Kai in ka yi gudu ba ka haki? Bar ta ta sauke numfashi." Su ce, "To Baba," suna dariya. Suna son sa, ban ce ba sa son sa ba.

A cikinsu akwai wani yaro, ɗan wani ma'aikacin gwamnati a Malali, mai ladabi, har ƙasa yake durƙusawa ya gaida Baba, yakan kawo masa dabino. Motarsa kullum tafasa take a wurin wasa, abokai na yi masa tsiya. Baba ya riƙe ta, ya yi mata aikin da shi kansa ya ji daɗinsa, har ya dawo gida yana ba Umma labari, abin da ba ya yi. A bikin da ya biyo baya motar ba ta yi zafi ba. Yaron ya yi ta juyi, jama'a na ihu, ya ƙara, ya ƙara, har taya ta fashe motar ta naɗe a jikin turken wuta. Baba ya je jana'iza. Uban yaron ya riƙe hannunsa yana godiya, ya ce ɗansa kullum cikin yabonsa yake. Baba ya dawo, aka ajiye masa abinci, aka ɗauke yadda aka ajiye.

Kada in yi masa ƙarya, bai daina yi wa sauran gyara ba. Da shi muke ci. Yana yi yana faɗa, suna rantse masa cewa su ofis kawai suke zuwa da ita. Ya ce min shi ba ya iya hana ɗan kowa. Amma sai abin ya shigo gidansa.

Sana'ar Yaya tuƙo wa dillalai motoci daga Legas. A haka ya samu wata baƙar 'yar Jamus mai turbo da ta taɓa yin hatsari, ya saye ta a arha, ya tashe ta. Yana da mata, yana da 'yar yarinya da ta fara makaranta, amma ranar Asabar in ana ɗaurin auren wani a cikin abokansa, a titi za ka same shi. Motar lafiya lau take a cikin gari. Sai an matsa mata a wurin wasa, ta ɗan juya kaɗan, allura ta hau ja, ita da kanta ta rage ƙarfi ta lafe, Yaya ya gangara gefe tururi na tashi. Abokansa suka sa mata suna Buta. "Ɗan mai lagireto, a kawo ganyen shayi ne?"

Ga inda matsalar take. Baba da Umma mutanen da ne, kuma Yaya ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin ɗayansu ya kira sunansa ba. Baba ya ce "wancan", Umma ta ce "yayanku". Ba sa kallonsa ido da ido, ba sa yaba masa, ba sa tambayar lafiyarsa a gabansa. Kunyar ɗan fari. Ni da nake auta har kan cinyar Baba na zauna ina da wayo, shi kuwa Yaya ko "sannu da hanya" sai dai a aiko ni in kai masa. Uban da bai iya kiran sunanka ba, ta yaya zai zaunar da kai ya ce yana tsoron ya binne ka?

Sai ya bi ta hanyar da ya sani. A sana'arsu, motar da ke hannun babba ba wanda zai sa mata sifana. Duk wani gwani na zafi a wannan ɓangaren kogin Kaduna ko abokin Baba ne ko yaronsa ne da ya yaye. Yaya ya kawo mota, Baba ya karɓa, ya ajiye ta makonni, ya wanke lagireto, ya canja murfi, ya mayar masa. Ta sake tafasa, ya sake karɓa. Kowa ya san tana hannun Baba, ba mai taɓawa. Da Yaya ya gaji ya tsallaka kogi ya kai wa wani baƙon bakanike. Wannan ya cire tamosta ya haɗa fanka, motar ta dawo tana ruri kamar injin niƙa, kuma tana tafasa yadda ta saba. Baba ya aika aka sayo sabon tamosta, ya mayar.

Wata rana bayan la'asar Yaya ya shigo gida, ya tsuguna nesa da tabarmar Baba ya gaishe shi. Ina wanke-wanke a bakin famfo. Sai ya ce, "Auta, tambayar min Baba, ni ba ɗansa ba ne?"

Baba na yanke farce da reza, bai ɗago ba. "Auta, ce wa wancan motarsa na kai shi kasuwa, tana kai 'yarsa makaranta. Me kuma yake nema?"

"Ce masa dariya ake min a gari. Ana cewa ubana na gyara wa 'ya'yan manya, ni ya raina ni."

"Ce masa dariya ba ta kisa."

Na ajiye kwano na ce, "Ni fa ba waya ba ce. Ga ku ga juna, ku yi magana mana."

Umma daga madafa ta ce, "Auta, kama bakinki."

Yaya ya tashi ya fita ba sallama. Baba ya bi ƙofar da kallo. Sai da ƙarar motar ta ɓace ya ce min, "Ya ci abinci kuwa?"

Washegari da na kai masa abinci gareji ban ko zauna ba na ce, "Baba, ka san ciwon motar nan ko ba ka sani ba?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Tun ranar da ya fara shigowa da ita, kafin ya kashe ta."

Ya tashi ya shiga ɗan ɗakin kayan aiki, ya sauko da wani kwali daga saman kanta, ya hure ƙura. Famfon ruwa ne na lantarki, sabo. Ya ce na motar ya yi rauni, yana iya aikin cikin gari, amma in inji ya daɗe yana kuka a sama ba ya iya tura ruwa. "Ga maganinta. Aikin yini ne."

"To me kake jira?"

"Yanzu in ya ɗan juya ta sai ta tafasa ta kwanta masa, ya fito yana zage-zage, ya dawo gida da ƙafafunsa. In na ɗaura wannan me zai tsayar da shi? Ni?"

"Ka faɗa masa mana."

"In ce me? In ce tsoro nake ji?" Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ido ba. "Bakina ba zai iya ba, Auta. Haka aka gina mu." Ya mayar da kwalin. "Ranar da ya bar wasan nan, da hannuna zan ɗaura masa."

A ranar na samu Yaya na kwashe komai na gaya masa. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ke kika shirya wannan don ki wanke shi. In gaskiya ne ya faɗa da bakinsa." Na koma na gaya wa Baba, ya ce in wuce in ba shi wuri. Haka suka zauna, kowa na jiran ɗaya, har ranar Larabar nan.

Lokacin da Baba ya rasu motar na garejin, an kwance gabanta. Ya karɓe ta ne da ya ga lokacin bukukuwa ya kusa, yana ta ja mata rai.

Kanikawa suna da al'ada mai kyau, kuma har yanzu ban ce ba ta da kyau ba. In ɗayansu ya rasu, bayan sadakar uku sai su taru a garejinsa su ƙarasa duk aikin da ya bari, kyauta, don kada mamaci ya kwanta da nauyin mutane. Baffa ne ya tara su, har da yaran Baba na da waɗanda yanzu kowa na da garejinsa. Ni ina gida cikin baƙi da kwanuka, ban san ana yi ba, sai da matar Yaya ta raɗa min da murna, "Kin ji su Baffa? Har ta yayanki suna yi."

Na zari hijabi na tari keke. Da na isa an riga an rufe gaban motar, an tura ta kan tudu, hancinta sama. Baffa na sunkuye yana matsa tiyo, daidai yadda Baba ke yi.

Na ce, "Baffa, ku cire."

"Auta, babu gaisuwa?"

"Ina wuni. Ku cire."

Ya miƙe yana goge hannu. "Mun samu famfon a kwali, sabo fil. Kin gani, ashe yana da niyya, kwana ne ya ƙare."

"Ba niyya ba ce. Yana sane ya bar ta. Ba ya son ta warke."

Baffa ya ja ni gefe, bayan wata matacciyar bas, ya rage murya. "'Yata, baƙin ciki ne ke magana. Tun ba a haifi uwarki ba nake tare da mutumin nan, ban taɓa ganin ya mayar da mota da ciwo yana sane ba. So kike a ce ya ha'inci ɗan cikinsa? Kada ki ƙara faɗin haka gaban mutane. Bar shi ya kwanta da sunansa."

"In Yaya ya mutu a cikinta fa?"

"Rai a hannun Allah yake."

"Na sani. Famfon kuma a hannunku yake."

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, "Ni ba malami ba ne balle in sauke masa Alƙur'ani. Ba ni da dukiyar da zan gina masa rijiya. Wannan kaɗai na iya. Ki bar ni in yi masa."

Na tsaya ina kallo suka gama. Kuma sun yi aikin da kyau, don Baba ne ya koya musu. Ba ruwan rijiya, ba a taɓa tamosta ba, an fitar da iska tas. Suka fita gwaji suka dawo, allura na tsakiya ko motsi ba ta yi. Suka ɗaga hannu suka yi wa Baba addu'a, wasu na hawaye. Na shafa tare da su, me zan yi.

Na koma gida na samu Umma a ɗaki, cikin takaba, carbi a hannu.

"Umma, an gyara motar. Ki yi masa magana."

"Wa?"

"Kin san wa."

Ta daɗe tana jan carbi. Ta san komai, ita da Baba ba sa ɓoye wa juna. Daga baya ta ce, "Abin da ban yi ba uban nasa na raye, yau zan fara? Gaya wa Goggonku." Goggo ta kira shi ta yi masa nasiha mai tsawo, da ayoyi da kuka. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Goggo." Na san wannan "to" ɗin, a garejin Baba na saba jin ta.

Na tare shi a ƙofar gida yana goge gilashin motar. Na ce, "Yaya, sayar da ita."

"Yana raye bai yi min ba, ya mutu an yi min. Me kuma kike so?"

"So nake 'yarka ta girma da uba. Ka ga kwalin da idonka yanzu. Ka san ban yi ƙarya ba."

Ya tsaya da gugar. "Na gani," in ji shi. "Ƙurar da ke kansa ta shekaru ce." Na ɗauka na samu kansa. Sai ya ce, "Auta, ke ya saya miki takalmi, ya saya miki jaka, ya goya ki a babur. Ni famfon nan ne kaɗai abin da na san Baba ya shiga kasuwa ya saya saboda ni. Yana cikin motar nan. Ki ce in sayar?"

"To ka ajiye ta, ka daina wasan."

Ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya goge.

Asabar ɗin da ta biyo bayan addu'ar bakwai aka ɗaura auren wani abokinsa. Da hantsi Yaya ya shigo cikin shadda, ya tsuguna a bakin ƙofar Umma ya gaishe ta. Ta amsa fuskarta na kallon bango, yadda ta saba. Ya fita. Muka ji ya tayar da motar, sautinta ya canja, ya zama sumul.

Sai na ga Umma ta miƙe. Ba takalmi, ba mayafi. Ta ratsa tsakar gida, ta wuce Goggo da ke tsince shinkafa, ta shiga zaure, mace mai takaba, ta leƙa titi, ta kira sunansa. Sunansa na yanka. Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta sake kira, da ƙarfi. Mai ƙosai da ke tsallake ta sunkuyar da kai kamar ta ga abin da bai kamata ta gani ba. Motar ta riga ta sha kwana, gilasai a rufe. Umma ta ɗan tsaya, sannan ta juyo ta wuce ni ba ta dube ni ba.

Yaya ya dawo ranar lafiya. An ce ba wanda ya daɗe yana juyi kamarsa, har ɗaga shi sama suka yi, an daina kiran motar Buta. Matarsa ta miƙo min waya in kalla, na ce ta ɗauke min. A Kaduna kuwa ba Asabar da ba a ɗaura aure.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da baƙi a farce da magana a ciki wadda bai iya furtawa ba. Kai ka san ta. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabari, ka karɓi motar da ya ƙi gyarawa a cikin ayyukansa na alheri, tunda mutane sun sa ta a cikin laifukansa.

Umma ba ta ƙara kiran sunan ba. Amma yanzu ranar Asabar ba ta sallar la'asar a ɗaki. Bayan ƙyauren zaure take shimfiɗa sallayarta, inda za ta riga kowa jin sallamar wanda ya zo da labari.